Sarauniyar Lugu: ta cikin littafi da ta cikin ɗaki

A jihar Dosso da wuya ka sami ɗan lakwal da bai san sunan Sarauniya Mangu ba. Akwai lise mai sunanta a garin Dosso, akwai gidan rediyo mai sunan Saraounia a Yamai, gwamnati ma ta sa sunanta a kan lambar girmamawa ta ƙasa. Amma idan ka bi diddigin abin da yaran nan suka sani game da ita, za ka tarar kusan dukansa ya fito ne daga littafi guda, wato ƙagaggen labarin da Abdoulaye Mamani ya wallafa a Paris a 1980, ko daga fim ɗin da aka yi da shi. Har yaron da bai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba, Sarauniyar Mamani ce a kansa: jaruma mai kwari da baka, tana gaban mayaƙa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, gardama biyu nake yawan ji, kuma duka biyun suna cutar da karatun yaranmu. Akwai iyayen da ke cewa ƙagaggen labari ƙarya ce tsagwaronta, ɓata lokaci ne, yaro ya riƙe littafin darasi da na addini ya isa. Akwai kuma malaman da ke ɗaukar ƙagaggen labarin su karantar da shi a matsayin tarihi, har su ci yaro gyara idan ya zo da abin da kakarsa ta gaya masa. Labarin Lugu, wanda ya faru a ƙasarmu ta Arewa, ya isa ya nuna mana inda kowane ɓangare ya kauce.

Bari mu fara da abin da takardu suka tabbatar. A watan Janairun 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi gabas, a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Su biyun ne suka ci Wagadugu a 1896, kuma uban Chanoine janar ne da ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Faransa a 1898. Aikin da aka ba su shi ne su kai tafkin Chadi, su haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya ɗaya daga Kongo. Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne. Sauran sojoji ne 'yan Afirka, ga 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, ga mata da dabbobi, taron da ba wata rijiyar ƙauye da za ta iya shayar da shi. Tun a Sansane Hausa suka fara kisa, suka ci gaba da ƙona duk garin da ya hana su hatsi ko ya gudu ya bar su.

Akwai wani abu da ba kasafai ake faɗa wa yara ba. A ranar 14 ga Yunin 1898 Faransa da Ingila sun sa hannu a kan yarjejeniyar raba ƙasa. Iyakar ta biyo Dallol Mawri, sannan aka zana wani baka mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, kewaye da birnin Sakkwato, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Lugu da Birnin Ƙonni duk sun faɗa ciki. Ke nan a takarda, ranar da Voulet ya auka wa Lugu, ƙasar Ingila ya shiga, domin hanyar arewa da aka bar wa Faransa ba ta da ruwa. Sai da aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906 kafin yankin ya tabbata a hannun Faransa. Da ba a yi gyaran ba, da yau yaran Dan Kasari Ingilishi suke karatu da shi. Yaro ba zai ci karo da wannan a ƙagaggen labari ba, sai a littafin tarihi mai taswira.

Ranar 16 ga Afrilun 1899 aka yi yaƙin Lugu. Mutanen garin da waɗanda suka taho musu gudummawa sun tsaya da baka da kibiya, suka ja da baya zuwa cikin kurmin da ke kusa, inda bindiga ba ta da ƙarfi sosai. Faransawa sun rubuta cewa an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma ba su taɓa yin asara irin wannan ba tun tasowarsu. Garin dai an ci shi, mutane da yawa sun mutu, sauran suka watse. Rundunar ta wuce, a watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake jimaminsa. Kafin nan labarin ta'asar ya riga ya kai Paris ta wasiƙar wani laftana mai suna Peteau da aka kora daga rundunar. Aka turo Laftana-kanar Klobb ya bi sawunsu, ya yi ta ratsa ƙonannun garuruwa har ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, daga baya Joalland da Meynier suka ja wani ɓangarenta suka wuce har Kusuri, inda aka kashe Rabe a Afrilun 1900.

To ina Sarauniya a cikin wannan duka? A rubuce-rubucen hafsoshin Faransa, irin littafin da Joalland ya fitar a 1930 mai suna Le drame de Dankori, wurinta bai wuce 'yan layuka ba, kuma kallon tsohuwar matsafiya suke yi mata. Hankalinsu yana kan abin kunyar da ya same su, wato Bafaranshe ya harbe Bafaranshe. Dubban baƙaƙen da aka kashe a hanya sun zo ne a gefen labari. Shekaru da dama abin ya zauna haka: a Lugu da kewayenta ana tunawa, a littafi kuwa shiru.

Mutumin da ya fasa shirun ba ɗan Arewa ba ne. An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya, can gabas, a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959. Ya yi shekaru yana gudun hijira, har da zaman Aljeriya, da ya dawo gida kuma ya ɗanɗana kurkuku a zamanin Seyni Kountché. Ya rasu a hatsarin mota a 1993, Allah ya jiƙansa. Na kawo tarihin rayuwarsa ne don yana bayyana littafin. Mutum ne da aka kayar a siyasa, wanda ya ga sarakuna da yawa sun bi bayan Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ya tashi yana neman wanda ya taɓa cewa a'a a ƙasar nan. Sai ya samo mace, ba'azna, a ƙaramin ƙauye. Ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta uban goyo mai suna Dawa da ya koya mata harbi da sanin itatuwa, ya ba ta birni mai ganuwa da baki mai kaifi. Sarakunan musulmi na kewaye kuwa ba su fito da kyau ba a littafin. Kuma ya tsara labarin yadda mai karatu zai ji cewa tsayuwar Lugu ce ta karya zuciyar rundunar har ta ci kanta.

Daga nan Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sunan ƙauyen da ke ƙaramar hukumar Dan Kasari ya zaga duniya.

Iyayen da ke cewa ƙagaggen labari ba shi da amfani, ga amsarsu nan. Takardun Faransa sun shekara 80 a ajiye ba su sa ko makarantar firamare ɗaya ta ɗauki sunan matar nan ba. Littafin da bai kai kaurin yatsa biyu ba ya yi wannan aikin. Kuma ba suna kaɗai ya ba ta ba. Yaron da ya karanta shi zai ji ƙishirwar ɗan dakon da aka ɗaure da igiya a wuya, zai shiga zuciyar sojan Bambara da aka ba bindiga aka ce ya harbi mai kama da ubansa. Lissafin mutum 4 da mutum 6 ba ya sa kowa hawaye. Ni a ganina, yarinyar Matankari ko Kore Mairuwa da ta gama lise ba ta karanta Sarraounia ba, an rage mata wani abu daga gadonta.

Sai dai malamin da ya tsaya nan shi ma ya rage wa ɗalibansa. Sarauniyar Lugu sarauta ce da ta girmi Mangu, kuma ba ta ƙare da ita ba. Bisa abin da mutanen Lugu ke faɗa, ta farko, 'Yar Ƙasa, daga Daura ta taso, dutsen Tunguma yana yi mata jagora har ta sauka a nan. Dutsen shi ne wurin shari'a da neman bayani a al'adar Azna. Aikin Sarauniya na addinin gargajiya ne: kula da ƙasa, da damina, da zaman lafiyar jama'a. Zaman ɗaki take yi, cikin fararen tufafi, tana kaɗin auduga. Ba gadon uwa da 'ya ake yi ba. Idan ta rasu, ana ɗaukar gawarta a yi abin da ake kira tarkama, gawar ce ake cewa tana jan masu ɗauke da ita zuwa ga wadda za ta gaje ta. Wanda ya san wannan zai gane cewa ƙarfin Mangu a 1899 ba a damtsenta yake ba. Yana cikin yardar da mutane suka yi da ita, har suka tsaya gaban bindiga da kibiya saboda ta ce ba za a miƙa wuya ba. Ni wannan ya fi ba ni mamaki a kan mace mai sukuwa a kan doki, don jarumai masu doki ko'ina akwai su a littattafai.

Wannan bayani ma a rubuce yake. Marc-Henri Piault ya zauna a Arewa yana tattara labaran baka, ya fitar da Histoire Mawri a 1970. A ciki ne mai karatu zai ga yadda ikon ƙasar nan ya rabu biyu: Gubawa 'yan ƙasa, masu Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, da kuma Arawa masu sarauta, waɗanda ke jingina asalinsu ga Ari ɗan sarkin Barno da ɗansa Akazama. A 2007 kuma Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka fitar da Lougou et Saraouniya ta hannun ƙungiyar Tarbiyya Tatali, inda aka bar mutanen Lugu suka faɗi nasu da bakinsu. Game da rundunar kanta akwai littafin Muriel Mathieu na 1995, La Mission Afrique centrale, da na Bertrand Taithe na 2009 da Ingilishi, The Killer Trail. Masu bin takardu irin waɗannan suna danganta rushewar rundunar ga wasiƙar Peteau, da zuwan Klobb, da tawayen sojoji bayan Voulet ya yanke hulɗa da Faransa, wata uku bayan Lugu kuma ɗaruruwan kilomita gabas da ita. Mamani bai yi laifi ba da ya ɗaure zaren biyu wuri guda, aikinsa ke nan. Laifin yana kan wanda ya ba yaro wannan a jarrabawar tarihi.

Mu juya kudu kaɗan, mu ga abin da ke faruwa idan ƙagaggen labarin ne babu. A Tibiri, tamu ta Dosso nake nufi ba Tibirin Gobir ba, akwai Samna Ƙarfe, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya ƙi bin Gwandu, ya haɗa kai da Kabawan Argungu da Zabarmawa irin su Issa Korombe. Yaƙe-yaƙen nan sun ɗauki shekaru, sun sauya fasalin Dallol gaba ɗaya, ba yinin guda ba ne kamar na Lugu. Kimba Idrissa ya yi bayanin zamanin a littafinsa Guerres et sociétés na 1981, cikin jerin Études nigériennes. Amma Samna bai sami littafin da ya ɗaga shi yadda na Mamani ya ɗaga Mangu ba. Ka fita daga gundumar Tibiri ka tambayi ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram, ka ga ko zai san shi. Kuma labarinsa ya fi wuyar bayarwa, don abokan gabarsa ba Nasara ba ne, musulmi ne 'yan uwa masu tutar jihadi. Ɗalibin da zai fahimce shi sai ya karanta ɓangaren Sakkwato da Gwandu ma, irin Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, don ya ji yadda masu jihadin suka ɗauki kansu tun farko. Ga wurin da malamin zaure da mushen lakwal za su iya taimakon juna, in sun yarda.

Cuɗanya tarihi da ƙage ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai Ganɗoki na Bello Kagara. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawan Ingila da sarakuna na gaske da garuruwa na gaske, daga nan ya tsallaka ƙasar aljannu. Babu malamin da ya taɓa ruɗewa ya karantar da yaƙin aljannun a matsayin tarihi, saboda ɗinkin a fili yake. Na Mamani kuwa ɗinkinsa ɓoyayye ne, shi ya sa yake buƙatar malami a kusa. Shaihu Umar ma ƙage ne, amma ban ga littafin darasin da ya kai shi nuna wa yaro mene ne cinikin bayi ta hamada ba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don na sha jinsa: me ya haɗa ɗan musulmi da karanta labarin tsafi da bori? Tambayar ba ta banza ba ce, kuma ba na son malami ya yi mata dariya. Wata masaniya mai suna Adeline Masquelier ta yi bincike a Dogondutsi, ta fitar da littafi a 2001 kan bori a garin, Prayer Has Spoiled Everything. Sunan kaɗai, wanda ke nufin salla ta ɓata komai, ya isa ya sa uba ya jefar da shi. Alhali kuwa kukan 'yan bori ne ta ɗauko, suna faɗin yadda musulunci ya rinjaye su a garin. A 2009 ta sake fitar da wani kan matan Dogondutsi da farfaɗowar addini. Karanta yadda kakanninka suka rayu ba bin addininsu ba ne. Shehu Usmanu da ƙanensa da ɗansa sun rubuta al'adun da suka tarar dalla-dalla kafin su yi hukunci a kansu. Yaron da aka hana sani a gida zai ji labarin a TikTok, daga bakin wanda bai taɓa taka Lugu ba.

Babbar matsalar a wurina ita ce harshe da kuɗi. Duba littattafan da na ambata game da Arewa: duk da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, galibi a Paris ko Ingila ko Amurka aka buga su, kuma kuɗin ɗaya yana iya cin abin da magidanci ke kashewa a cefanen kwanaki. Mutanen da aka yi hira da su da Hausa, jikokinsu sai sun bi ta wani harshe kafin su ji abin da kakanninsu suka ce. Nijar ta fara gwajin karantarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Doka dai ta fito. Amma yaron da ya iya karanta Hausa a aji uku, idan ya waiwaya neman abin karantawa, me zai samu a kasuwar Dogondutsi? Abin da ke tsallako iyaka daga Kano da Sakkwato: littattafan addini da na soyayya, yanzu ma yawancin na soyayyar a waya ake karanta su.

Ba na cikin masu zagin littattafan soyayya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu sun taimaka wa mata da yawa wajen karatun boko, kuma na Balaraba ya taɓo zaman aure da haƙƙin mata da gaske. Yarinyar da ta saba cinye shafi ɗari a dare ɗaya don ta ga ƙarshen labari, ita ce gobe za ta iya zama da littafin tarihi mai nauyi. Abin da nake ƙi shi ne a bar ta a nan, tuwo ɗaya miya ɗaya, shekara da shekaru.

Malamin kolaji a Gesheme ko Dumega ba ya buƙatar ɗakin karatu cike kafin ya fara. Kwafi ɗaya na Sarraounia ya isa aji, a riƙa karanta babi a bayyane ana fassarawa da Hausa. Bayan babin yaƙin, sai a kawo shafi ɗaya na littafin tarihi a kan rana guda ɗin, a ce yara su ware abin da duka biyun suka yarda da shi, da abin da marubucin ya ƙara, su kuma faɗi dalilin da suke jin ya sa ya ƙara. Sannan a tura su gida da tambaya ga tsofaffi: da Nasara suka ratsa, ina mutanen garinmu suka gudu, wace rijiya aka bari, wa ya dawo? A garuruwan da ke kan hanyar rundunar, daga Matankari zuwa Lugu har Ƙonni, akwai gidajen da amsar ke nan a bakin kaka. Abin da yaran suka kawo a rubuta shi da Hausa a kaye guda, a sa sunan garin da shekarar, a ajiye wa 'yan ajin baɗi su karanta tare da sauran biyun.